Me ke riƙe shirin labaran safe har ya haura shekara 40 bai mutu ba?

Wani ɗalibin aikin jarida a ABU Samaru ya turo min tambaya, ga ta a taƙaice: "Baba barka da hutawa. Malaminmu ya ba mu misali da wani shirin labaran safe na Amurka wai shi Morning Edition, ya ce tun 1979 ake yinshi har yau. Tunda kun yi aikin rediyo, me ke riƙe shiri haka? Kuma rediyon jama'a ɗin nan da suke faɗi, ba shi ne dai rediyon gwamnati irin namu ba?"

To ɗana, Allah ya yi albarka. Malaminku ya faɗi daidai, ranar 5 ga Nuwamba 1979 gidan rediyon NPR, wato cibiyar rediyon jama'a ta Amurka, ya fara shirin, Litinin zuwa Juma'a, kuma ka duba irin ranar da suka faɗo a kai, kwana ɗaya ke nan da ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran suka tsare ma'aikata, wato tun ranar farko ba su rasa abin faɗa ba. Amma in ka ce min labari mai zafi ne ya riƙe su sai in ce a'a, labari mai zafi kowa na samu. Abu biyu ne ke riƙe shirin safe a iya sanina, agogo da kuma aljihun da ke biyan kuɗin, kuma yawancin samarin da ke shigowa aikin nan ba ɗaya daga ciki da suke kallo, su dai murya, kowa so yake a ce muryarshi ta fi ta wane daɗi.

Bari in fara da muryar ma tunda ita ce ke ruɗin ku. Shirin nan saura kwanaki a fara shi aka yi gwaji aka tura ma tashoshi suka saurara, suka ce sam bai yi ba, aka sallami waɗanda aka ɗauko don su gabatar, aka jawo Bob Edwards daga shirinsu na yamma All Things Considered, wanda shi tun 1971 ake yinshi, aka ce ya riƙe na kwana 30 kafin a samu wani. Kwana 30 ɗin nan ita ce ta koma shekara 24 da rabi. Mutumin nan wajen ƙarfe 1 na dare yake tashi duk tsawon shekarun nan. A 2004 aka cire shi, saura watanni shirin ya cika shekara 25, masu sauraro dubbai suka rubuta ƙorafi, wasu suka yi rantsuwa sun bar ji, aka kawo Steve Inskeep da Renée Montagne, shirin ya ci gaba abinshi. Edwards ya rasu a 2024, Inskeep na nan har yanzu tare da wasu sabbi. Haka a Ingila, shirin Today na BBC ya ma girme shi nesa, tun Oktoban 1957 ake yi, John Humphrys ya zauna kan kujerar daga 1987 zuwa 2019, da ya tashi ba abin da ya rushe. Kaga ke nan mai gabatarwa ado ne babba, ban raina ba, amma ginin ba a kanshi yake ba. Mu a nan kuwa sau nawa ka ga shiri ya mutu don kawai mai yinshi ya samu muƙami ko ya koma wata tasha? Wannan alama ce tun farko ba a gina shirin ba, mutum aka gina.

Agogo da nake nufi shi ne wannan. Mai sauraron safe ba zaune yake ba, ba kamar na dare ba da ya ci tuwo ya miƙe ƙafa. Ya dawo daga masallaci, ana ɗora ruwan wanka, yara na neman takalmin makaranta, wani yana goge keke napep zai fita Kwangila, ma'aikacin asibitin Shika na lissafin motar da zai kama, mai kanti a Sabon Gari na neman makulli. Ba mai ba ka awa biyu, minti goma sha biyar ko ashirin kowa zai ba ka kuma da kunne ɗaya. Shi ya sa ake yanka awa gunduwa gunduwa, kowane abu da mintinshi da ba ya motsi, kanun labarai a kan awa daidai, babban rahoto a minti kaza, hira a minti kaza, a sake maimaita kanu a rabin awa saboda wanda ya shigo a makare. In aka ɗau shekaru ana haka mutum ya daina duba agogon bango, rediyon ta zama agogonshi, ya san in ya ji an shiga labarin wasanni bai sa takalmi ba to ya makara. A shirin Today kowa a Ingila ya san ƙarfe 8 da minti 10 ita ce babbar hira, minista ya san in an kira shi a wannan minti to a shirye zai zo. Mu ma ai mun san wannan a jikinmu, shida da rabi na safe BBC Hausa, ƙarfe bakwai labaran ƙasa na Rediyo Najeriya, tsofaffinmu a Tudun Wada da cikin birni ba sa buƙatar a tuna musu. Lamarin kamar mai koko ne a bakin layi, ba lallai kokonta ya fi na kowa ba, amma kullum bayan asuba tana wurin, ran da ta fara fashi yau ta fito gobe babu, to kwana kaɗan masu kwano za su gano wata.

Su NPR sun ƙara ma agogon nan wata dabara da ya kamata ka fahimta da kyau in dai furojet za ka rubuta. NPR ba ta mallaki tashoshin da ke watsa ta ba. Tashoshi sama da 1,000 ne a faɗin Amurka kowace mai zaman kanta, da yawansu ma na jami'o'i ne, kamar dai a ce tashar FM ta ABU. Ana fara shirin ƙarfe 5 na asuba agogon Washington, wato 10 ko 11 na hantsi a nan gwargwadon lokacin shekara, awa biyu ne, sai a riƙa maimaita shi ana sabunta abin da ya canza har zuwa tsakar rana tasu, don mutanen yammacin ƙasar irin su Kalifoniya awa uku suke baya. A cikin kowace awa an bar gurabe da gangan, an faɗa ma kowace tasha daga minti kaza da daƙiƙa kaza zuwa kaza naki ne, sa labarin garinku, yanayin sama, cunkoson hanya, in lokacinki ya cika ki dawo ki haɗe. Saboda haka mai sauraro a ƙaramin gari yana jin labarin duniya daga wakilin da tasharsu ba za ta taɓa iya biya ba, kuma a cikin shiri ɗaya ya ji an rufe gadar garinsu. Wannan ba ya yiwuwa sai kowa na mutunta daƙiƙa, ba minti ba, in mai gabatarwa a Washington ya zarce da daƙiƙa goma ya taka bakin mutum ɗari ɗari a lokaci guda.

Ka kwatanta da abin da muka saba. Babban mutum ya zo hira an ba shi minti bakwai ya ci ashirin ba mai iya tsayar da shi, furodusa na bayan gilashi yana ta yi ma mai gabatarwa alama da hannu shi kuma yana kawar da kai don kunya, labaran ƙarfe bakwai su koma bakwai da kwata, rahoton da wakili ya sha wahala a kai a jefar. Na zauna a kujerar nan ta bayan gilashi shekaru, kuma wallahi abin da ya fi cin raina ke nan fiye da ɗauke wuta, don ita wuta ba laifin kowa a ɗakin ba ne.

Sai abin da ba a gani. Shirin safe da dare ake yinshi, safiya karantawa kawai ake yi. Editan dare ya karɓi aiki ya tarar da abin da na yamma suka bari, ya bi labaran kamfanonin dillancin labarai, NAN da Reuters da AFP, ya kira wakilai, ya yanke shawarar wane labari ne zai buɗe, ya jera sauran a takarda ɗaya kowanne da tsawonshi. A zamaninmu faifan tef ne, da reza ake yanke "eh.. to.. wato" ɗin mai magana a manne da salatif, yanzu kwamfuta ce kuma wakili ta WhatsApp yake turo murya, aikin ya yi sauƙi amma hukuncin bai canza ba. Tambayar da editan kirki ke yi ma kanshi ita ce, mutumin da ya kwanta ƙarfe goma me ya faru bayan ya yi barci, kuma me zai same shi yau in ya fita. Ba labarin jiya da ya riga ya ji da yamma za ka ɗumama mishi ba. In dole sai labarin jiya ne to ka matsar da shi gaba, jiya an ƙara kuɗin mai, yau nawa ne kuɗin mota daga PZ zuwa Samaru. Sannan rubutun kunne daban da na ido, jimla gajera, wanda ya faɗi magana a fara ambatonshi kafin maganar, lamba a dunƙule ta, don mai sauraro ba shi da damar komawa baya ya sake karantawa. Mu da ke aiki da Hausa nauyinmu ya ninka, yawancin labarin da turanci yake zuwa, ƙarfe huɗu na dare kana zaune kana juya kasafin kuɗi zuwa abin da tsohuwa a Kwarbai za ta gane, kuma Hausar ta fi cin lokaci, abin da ya ci minti ɗaya a can sai ya nemi zarcewa a nan, dole ka san me za ka zubar.

Wani ɗan abu a gefe tunda ɗalibi ne kai. In ka taɓa lura da asuba rediyo na kamo tashoshi masu nisa a matsakaicin zango, rana na ɗagawa su ɓace, ba batir ba ne. Akwai wani sashe a can sama da hasken rana ke tayarwa, shi ke shanye siginar da rana, da dare ya lafa sai siginar ta haura ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Rediyon Kaduna, da manyan na'urorinta na Jaji nan kan hanyarmu, ta zama abin da ta zama, ana jinta har Nijar da Kamaru da Chadi. FM kuwa iya inda eriya ke hange take kaiwa, dare da rana ɗaya.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda ita ce mai nauyin. A'a, ba ɗaya ba ne, kuma bambancin ba a suna yake ba, a wanda zai iya korar edita yake da wanda zai iya tsayar da albashi. A Amurka dokar 1967 da Shugaba Lyndon Johnson ya sa ma hannu ita ta kafa wata hukuma CPB da za ta tsaya tsakanin gwamnati da tashoshi, kuɗin majalisa ya bi ta hannunta, don kar ɗan siyasa ya riƙa miƙa ma ɗan jarida kuɗi hannu da hannu. An kafa NPR a 1970. A 1983 ta kusa rushewa saboda bashi na miliyoyin daloli, shugabanta ya sauka, CPB ta ba da rance, daga nan aka sauya tsari, kuɗin ya riƙa zuwa ga tashoshi su kuma su sayi shiri a wajen NPR. Wato Morning Edition kaya ne da tashoshi ke biya, in ya lalace suna da bakin magana. Su tashoshin kuma babban abin da suka dogara da shi masu sauraro ne, a shekara suna ware wasu kwanaki su fito fili su roƙa, mai dala biyar a wata ya bayar mai ɗari ya bayar, ga kamfanoni da ake ambaton sunansu a taƙaice amma doka ta hana a faɗi farashi ko a ce je ka saya, ga gidauniyoyi, ga masu wasiyya, a 2003 matar mai kamfanin McDonald's, Joan Kroc, ta bar ma NPR sama da dala miliyan 200. Kafin 2025, abin da NPR kanta ke samu kai tsaye daga gwamnatin tarayya wajen kashi 1 cikin 100 ne na kasafinta.

An ma gwada ƙarfin tsarin. A Yulin 2025 majalisar Amurka ta janye dala biliyan 1.1 da aka riga aka ware ma CPB, hukumar ta sanar za ta rufe. Ƙananan tashoshin karkara sun ji jiki sosai don su kasonsu daga can ya fi yawa, amma washegari ƙarfe 5 shirin ya fito. Ka haɗa da Muryar Amurka, wadda sashenta na Hausa shi ma a 1979 aka buɗe, sa'annin juna ne da Morning Edition. Ita kuɗinta kaf daga gwamnati yake, a Maris 2025 umarni ɗaya aka sa ma hannu aka tura ma'aikata gida, mutanenmu da suka saba kamawa ƙarfe shida na safe suka murɗa suka ji ba kowa. Ba wai ma'aikatan VOA Hausa ba su iya aiki ba ne, sun iya ƙwarai, igiya ɗaya ce ke riƙe da su aka tsinke ta.

BBC kuma wata hanyar ta bi, kuɗin lasisin talabijin da gidaje ke biya a Birtaniya. Sashen Hausa da aka fara ranar 13 ga Maris 1957 da shirin minti 15 yana ƙarƙashin sashen duniya ne, wanda ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ta riƙa ɗaukar nauyi har 2014 kafin a mayar da shi kan kuɗin lasisin, kuma har yanzu gwamnati na ƙara musu wani abu. Don haka kar wani ya ce maka su mala'iku ne ba ruwansu da gwamnati, ana matsa musu su ma, NPR ma kullum ana zarginta da karkata ɓangare guda kuma ba duka zargin ne banza ba. Bambancin dai akwai katanga a tsakani, ko da gajera ce.

Mu namu tarihin daban ya faro. Rediyon Kaduna gwamnatin Jihar Arewa ta kafa ta a 1962 zamanin Sardauna don ta zama bakin Arewa, a 1978 soja suka haɗe ta cikin FRCN, wato Rediyo Najeriya ta gwamnatin tarayya. Gwamnati ke naɗa shugaba, ita ke biyan albashi, jihohi ma kowace da tata a kan wannan tsari. Ka tuna kuma a ƙasar nan rediyon safe ita ce wurin da ake sanar da juyin mulki, Dimka a Fabrairun 1976, Abacha ranar 31 ga Disamba 1983, Orkar a Afrilun 1990, wanda ya kai shekaruna in ya kunna da safe ya ji badujalar soja gabanshi sai ya faɗi. Gidan da masu mulki ke ma kallon makami ba za su sake shi ya zama na jama'a cikin sauƙi ba. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka ce gidajen su fara nemo wani ɓangare na kuɗinsu da kansu, a nan labarin biya ya samu gindin zama, mai taro ya biya a sa shi cikin labarai, ba a ce ma mai sauraro talla ce ba. A 1992 aka kafa NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom a Kano a 2003, aka samu sauƙin baki ƙwarai ba a musu, sai dai su ma dizal suke saya, kuma wanda ya sayi awa guda na safe don shirin siyasa shi ke biyan dizal ɗin. Kowa ya ci ladan kuturu ai ka san sauran. Abin dariya ma, kundin tsarin mulkin 1999 ƙananan hukumomi ya ba hurumin karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin, ka je ka tambayi kowane gidan rediyo ko sisi na isowa gare su ta nan.

Duk da haka ban yarda da masu cewa ba za a iya a nan ba. Mutanenmu sun fi Amurkawa riƙon rediyo, makiyayi na tafe da ita a rataye, mai shayi ba ya buɗe tebur ba ita, kuma mutanen da ke gina masallaci da Islamiyya da karo karo ba za a ce ba su san ba da naira ɗari biyar a wata don abin da suke amfana da shi ba. Abin da ba su taɓa gani ba shi ne tashar da za ta fito ta karanta musu lissafi, ga abin da kuka bayar ga inda ya tafi. Kuma Zariya ta fi ko'ina dacewa a gwada, ga tashar jami'a, ga ɗalibai irinku da ke neman wurin koyon aiki, ga cibiyoyin harkar noma na NAERLS da IAR a Samaru da suka daɗe suna hulɗa da manoma, ga likitoci a Shika, ga malaman shari'a a Kongo, baƙon hira ba zai taɓa yankewa ba. Awa ɗaya ta isa a fara, kar a ce uku. Kanu a kan awa, farashin masara da taki daga kasuwa, halin da hanyar Kaduna da ta Kano ke ciki, hira ɗaya ta minti bakwai da za a yanke a minti bakwai ko da waye, sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da cigiya a gurbinsu daban a kuma faɗa ƙarara cewa biya aka yi. Masu gabatarwa su zama biyu ko uku suna karɓa karɓa tun ranar farko, saboda ɗalibi gamawa yake ya tafi bautar ƙasa.

Game da furojet ɗinka, kar ka tsaya kwafo tarihi daga intanet, malaminku ya riga ya karanta wannan. Morning Edition ana jinshi a shafin NPR kyauta, ka ɗauki biro da agogon wayarka ka saurari awa ɗaya na kwana biyar a jere kana rubuta mintin da kowane abu ya fara da wanda ya ƙare, sannan ka yi ma wata tasha ta nan gida haka, ka jera takardun biyu gefe da gefe. Bayan nan ka je tashar da kanka, ba wajen manaja ba, ka nemi editan da ke kwana, ka gaishe shi da kyau ka roƙi ya nuna maka takardar jerin shirin ta wannan safiyar, ka tambaye shi a cikin labaran nan guda nawa ne aka biya. In ya yi dariya ya ce ka kashe rikoda tukuna, ka kashe.